Tasirin Ƙwayoyin Nano a kan Musayar Ilaktiron a Sandunan Girafin: Waiwaye ga Ruwan Jakara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Kano ya san Jakara. Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Barbushe mutanen Dala suke girmama wannan wuri, suna kiransa Kurmin Baƙin Ruwa. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. A yau ma ruwan Jakara baƙi ne, amma dalilin baƙinsa ya sauya, kuma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Rafin yana kwashe ruwan kwatamin unguwannin cikin birni, ya bi ta Fagge da gefen Sabon Gari, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sa'an nan ya zuba a madatsar ruwa ta Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir. Da wannan ruwa ne manoman rani da ke bakin rafin suke ban-ruwan latas da kabeji da alayyahu da karas, waɗanda ake kawowa kasuwa mu saya mu ci.

Bincike da dama da malaman jami'o'inmu suka gudanar ya tabbatar da samuwar ƙarafa masu guba, irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam, a ruwan Jakara da ƙasar da ake noma a gefensa. Matsalar da ta rage ita ce ta awo: yaya za a riƙa auna waɗannan ƙarafa a kai a kai, a bakin rafi, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba? Ɗaya daga cikin amsoshin da masana suke bayarwa ita ce a yi amfani da sandunan lantarki na girafin waɗanda aka barbaɗa wa ƙwayoyin nano. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda waɗannan ƙwayoyi suke sauya gudun ilaktiron a kan girafin, ta kuma nuna cewa ba kowane ci gaba da aka gani a kan na'ura ba ne ci gaba na gaskiya. Wannan batu na biyu shi ne ya fi shafar mai niyyar auna ruwan Jakara.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita kan kalmomi huɗu.

Ilaktiron ita ce ƙaramar ƙwayar da ke zagaya cibiyar kowane atam, kuma kwararar ire-irenta cikin waya shi ne abin da muke kira lantarki.

Sandar lantarki ita ce duk wani abu mai ɗaukar lantarki da aka tsoma cikin ruwa domin ya bai wa sinadaran da ke ciki ilaktiron ko ya karɓa daga gare su. Baƙar sandar da yara suke zarowa daga tsohon batirin tocila misali ce. A yau takan zama ɗan zane ne kawai da aka buga a kan leda, amma sunan bai sauya ba.

Girafin shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin atam ɗaya tak, wadda atam ɗinta suka jeru gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Baƙin abin da ke cikin fensir, watau girafait, ba kome ba ne face tarin irin wannan shimfiɗa, ɗaya bisa ɗaya. Sai an jera kimanin miliyan 3 kafin a sami kaurin milimita ɗaya. Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta a Ingila su ne suka ɓare ta daga girafait a 2004, aka ba su lambar Nobel a 2010.

Ƙwayoyin nano kuwa su ne ɓarɓashin wani abu da girmansa yake tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin mutum guda ya kai dubban nanomita goma-goma.

3.0 Musayar Ilaktiron

Musayar ilaktiron ba baƙon abu ba ce a Kano, ko da yake ba da wannan suna aka san ta ba. Marinin Ƙofar Mata yakan haɗa shuni da toka da ruwa a karofi, ya jira kwanaki har ruwan ya nuna. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Abin da ke faruwa cikin waɗannan kwanaki shi ne ƙwayoyin halitta da ke cikin ramin suna miƙa wa kowane ɗigon shuni ilaktiron biyu, sai ya narke, launinsa ya koma kore-kore, ya shiga cikin zare. Da an fito da zane ya sha iska, sai oksijin ya ƙwace ilaktiron ɗin nan biyu, shuni ya koma shuɗi, ya maƙale. Aikin da ƙwayoyin halitta da iska suke yi a karofi, shi ne sandar lantarki take yi a ɗakin gwaji, illa dai a nan mai bincike ne yake juya abin da hannunsa, yana kuma ƙidaya ilaktiron ɗin da suka wuce.

Rudolph Marcus, wanda ya fara bayyana ra'insa a 1956 ya kuma sami lambar Nobel a 1992, ya nuna cewa saurin wannan musaya ya rataya ne a kan abubuwa kaɗan. Akwai ƙarfin turawa, watau matsin lantarkin da aka ɗora. Akwai wahalar da sinadarin da ruwan da ke kewaye da shi za su sha wajen sake tsari kafin su karɓi baƙuwar ilaktiron. Akwai tazara, domin ilaktiron tsalle take yi, kuma idan wani datti marar ɗaukar lantarki ya shiga tsakani, ƙarin kimanin nanomita 0.2 kawai yakan rage saurin ninki goma. Sa'an nan akwai yawan gurabun da ilaktiron za ta iya tashi daga gare su ko ta sauka a jikin sandar. Wannan na ƙarshe shi ne inda girafin yake da rauni.

Yadda ake auna saurin kuwa shi ne a riƙa ɗaga matsin lantarki sannu a hankali sa'an nan a sauko da shi, na'ura tana zana yawan lantarkin da ke kwarara. Zanen yakan fito da tozo biyu, ɗaya wajen tafiya ɗaya wajen dawowa. Idan musayar tana da sauri ƙwarai, kuma ilaktiron ɗaya ake musanyawa, tazarar tozon biyu takan kasance kusan milibolt 59 a zafin digiri 25. Idan musayar tana da nawa, sai tazarar ta buɗe. Richard Nicholson ya fitar da hanyar lissafa saurin daga wannan tazara a 1965, kuma har yanzu da ita ake aiki.

4.0 Raunin Girafin

Girafin ya yi suna wajen ɗaukar lantarki, kuma faɗin fuskarsa abin mamaki ne: bisa lissafi, giram ɗaya yana da murabba'in mita 2,630 idan aka haɗa fuskokinsa biyu, watau giram uku sun zarce filin ƙwallo. Amma gudun ilaktiron a cikin shimfiɗa daban, tsallakawarta daga shimfiɗa zuwa ruwa daban. A nan akwai cikas uku.

Na farko, tsarkakakken girafin yana da ƙarancin gurabun ilaktiron a daidai matakin da ake musaya, ba kamar zinariya ko tagulla ba. Masana na Jami'ar Okisfod ƙarƙashin Richard Compton sun daɗe suna nuna cewa gefen shimfiɗa da wuraren da ta yage sun fi doronta saurin musaya. A 2012 Patrick Unwin da abokan aikinsa na Jami'ar Warik suka nuna cewa sabon doro ma yana da sauri, sai dai yakan dakushe idan ya daɗe a iska. Wannan muhawara ta koya mana cewa sakamako ya danganta da irin sinadarin da aka gwada da kuma tsabtar fuskar.

Na biyu, mafi yawan girafin da ake aiki da shi a ɗakunan gwaji ba ɓare shi ake yi ba. Ana dafa girafait ne da ruwan asid da famanganet bisa hanyar da Hummers da Offeman suka wallafa a 1958, sai oksijin ya shiga tsakanin shimfiɗu ya raba su. Abin da ake samu ba ya ɗaukar lantarki sosai sai an sake cire oksijin ɗin, kuma ba a taɓa cire shi duka.

Na uku, idan ruwan ya bushe shimfiɗun sukan sake mannewa da juna kamar jiƙaƙƙun takardu, sai wannan faɗin fuska da ake alfahari da shi ya tafi a banza.

5.0 Hanyoyin da Ƙwayoyin Nano Suke Taimakawa

Ana iya kasa aikin ƙwayoyin nano gida huɗu, kuma yana da muhimmanci a rarrabe su, domin ba dukansu ne suke ƙara saurin musaya na ainihi ba.

5.1 Tokare shimfiɗu. Idan ƙwayoyi suka zauna tsakanin shimfiɗu sai su hana su mannewa, kamar yadda ake sa tsakuwa tsakanin faranti biyu. Ruwa ya sami hanyar shiga, fuskar da ke aiki ta ƙaru, lantarkin da ake gani ya ƙaru. Amma a lura: ƙofofi ne suka yawaita, saurin wucewa ta kowace ƙofa yana nan yadda yake.

5.2 Sauya yawan ilaktiron na girafin. Kowane ƙarfe yana da nasa ƙarfin riƙon ilaktiron. Idan ya taɓa girafin, ilaktiron sukan gangara daga mai sassaucin riƙo zuwa mai tsananinsa. Lissafin da Giovannetti da abokansa suka wallafa a 2008 ya nuna cewa filatinam da zinariya suna janye ilaktiron daga girafin, azurfa da tagulla da alminiyam kuwa suna ƙara masa. Ko ta wane ɓangare abin ya karkata, girafin yakan gusa daga wancan matakin na ƙarancin gurabu, sai musaya ta yi sauƙi a kewayen ƙwayar.

5.3 Zama gada. Ƙwayar ƙarfe tana da gurabun ilaktiron masu ɗimbin yawa. Don haka ko da akwai siririn datti tsakaninta da sanda, ilaktiron takan fi samun sauƙin tsallakawa daga ƙarfe zuwa sanda fiye da daga sinadari guda zuwa sanda. Chazalviel da Allongue na Faransa sun yi bayanin wannan a 2011. Ƙwayar ta zama kamar dillali a Kasuwar Kurmi, wanda yake haɗa mai saye da mai sayarwa da ba za su iya cimma juna da kansu ba.

5.4 Kama sinadari da zaburar da shi. Wasu sinadarai daga nesa suke miƙa ilaktiron, ba ruwansu da irin fuskar da ke gabansu. Wasu kuwa sai sun manne da fuskar tukuna. Ga irin waɗannan na biyu, nau'in ƙwayar shi ne kome. Zinariya a dunƙule ba ta cika shiga harkar sinadarai ba, amma Masatake Haruta na Japan ya nuna a 1987 cewa ƙwayoyinta 'yan nanomita kaɗan suna da kuzari matuƙa. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne a ƙwayar zinariya mai nanomita 2, kimanin rabin atam ɗinta a waje suke, da yawa kuma a kan kusurwa, inda suke da sarari su kama wani abu.

Sai dai kome ya yi yawa ya ɓaci. Idan aka cika ƙwayoyin sukan dunƙule su zama manya, amfanin ƙanƙantarsu ya gushe. Haka kuma sinadarin da ake lulluɓe su da shi lokacin haɗa su, kamar sitiret a hanyar Turkevich ta 1951, yana iya zama shinge idan ba a wanke shi ba.

6.0 Awon Ƙarafa a Ruwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita, kadmiyam maikirogiram 3, kuromiyam maikirogiram 50. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, iyakar dalma daidai take da giram ɗaya cikin lita 100,000, watau jarka 4,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Wanda yake ganin wannan tsanani ne sai ya tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ba ta da wari ba ta da launi a ruwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

Manyan na'urorin awo da ke jami'o'i suna da tsada, suna bukatar iskar gas da tsayayyar wutar lantarki, kuma dole a ɗebo ruwa a kai musu. Hanyar sandar lantarki kuwa na'urarta takan shiga aljihu ta yi aiki da batir. Asalin wannan fanni yana komawa ga Jaroslav Heyrovsky na Cekosulobakiya a 1922. Aikin mataki biyu ne. Da farko a ɗora wa sanda matsin lantarki na kimanin bolt 1.2 ta ɓangaren ragi na 'yan mintoci, sai ƙarafan da suka narke a ruwa su karɓi ilaktiron su taru a kanta. Sa'an nan a riƙa sassauta matsin, sai kowane ƙarfe ya mayar da ilaktiron ɗinsa ya koma ruwa a nasa lokaci: tutiya da fari, sai kadmiyam, sai dalma. Wurin da tozo ya fito shi ke faɗin sunan ƙarfen, tsawonsa kuma shi ke faɗin yawansa.

Shekaru da yawa da zaiba ake wannan aiki, amma ita ma guba ce, kuma Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita amfani da ita. A 2000 Joseph Wang da abokansa suka nuna cewa bismot, wanda gubarsa kaɗan ce, yana iya maye gurbinta, domin yana haɗuwa da dalma da kadmiyam kamar yadda maƙeri yake haɗa ƙarfe biyu. Saboda haka ƙwayoyin bismot a kan girafin su ne suka dace da dalma da kadmiyam. Zinariya kuwa ta fi dacewa da asanik da zaiba da kuma kuromiyam mai daraja shida. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga Kano. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma masana'antun fata da gishirin kuromiyam mai daraja uku suke aiki, wanda gubarsa ba ta kai ta mai daraja shida ba, wanda ke haddasa ciwon daji. Sandar lantarki tana iya rarrabe su biyun, abin da awon jimilla kawai ba ya yi.

7.0 Inda Ake Yaudaruwa

Yanzu mun zo ga gargaɗin da wannan takarda take son isarwa. A 2006 Craig Banks da Compton da abokansu suka gano cewa kuzarin da ake yaba wa wasu bututun kabon na nano ba nasu ba ne, na ɓurɓushin baƙin ƙarfe ne da ya rage tun wajen ƙera su. Daga baya Martin Pumera ya nuna irin wannan a girafin, inda manganis ɗin da hanyar Hummers take bari yakan yi aikin da ake jingina wa girafin. A 2020 shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa wani gwaji a mujallar ACS Nano, inda suka cakuɗa girafin da kashin tsuntsaye, suka kuma sami ƙarin kuzari. Abin da suke nufi a fili yake: idan kusan kome aka zuba sai lantarki ya ƙaru, to ƙaruwar kaɗai ba hujja ba ce ta an gano wani abu.

Akwai kuma yaudara ta biyu. Idan aka tara girafin da ƙwayoyi a kan sanda, sukan yi wani ɓawo mai ramuka kamar soso. Sinadarin da ya maƙale cikin ramukan ba ya bukatar tafiya mai nisa, don haka tazarar tozo biyu takan ragu ko da saurin musaya bai ƙaru da kome ba. Hanyar Nicholson an gina ta ne a kan fuska mai santsi. Wanda ya ɗora ta a kan soso zai sami lamba mai daɗin gani amma marar tushe.

Ta uku ita ce ta ruwan kansa. Mafi yawan sakamakon da ake wallafawa an same su ne a tataccen ruwa. Ruwan Jakara yana ɗauke da sabulu da maiƙo da jini da rini da ruɓaɓɓen ganye. Waɗannan sukan lulluɓe ƙwayoyin, kuma mun ga abin da ƙarin tazara kaɗan yake yi wa ilaktiron. Wasu kuma sukan riƙe dalmar su hana ta isa sanda. Tagulla tana gogayya da bismot wajen neman wurin zama, ta danne tozon sauran ƙarafa. Sakamakon duk wannan shi ne na'ura ta nuna adadi ƙasa da na gaskiya, a ce wa manomi ruwansa lafiya lau alhali ba haka ba ne. Wannan kuskure ya fi rashin awon muni.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ƙwayoyin nano suna taimakon girafin ta hanyar tokare shimfiɗu, da sauya yawan ilaktiron, da zama gada, da kama sinadari. Ta kuma nuna cewa ƙarin lantarki a kan na'ura yana iya fitowa daga datti ko daga ramuka. Saboda haka ana ba manazartanmu shawara kamar haka. A riƙa gwada sanda tsirara, da mai girafin kaɗai, da mai ƙwayoyi kaɗai, kafin a gwada haɗin. A auna ainihin faɗin fuskar da ke aiki a raba lantarkin da shi. A binciki ƙarafan da suka rage cikin girafin kafin a yaba masa. A tace ruwan rafi a narkar da dattinsa da asid, sa'an nan a riƙa ƙara masa sanannen adadin dalma ana sake awo, domin a ga abin da ruwan yake ɓoyewa. A ɗebo ruwa da rani da damina, kafin mahaɗar Getsi da bayanta. Daga ƙarshe a gwada sakamakon da na babbar na'ura kafin a sanar da kowa.

Sassan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero da sauran jami'o'inmu suna da ɗalibai da za su iya wannan aiki, rafin kuma yana bakin ƙofarsu. Sandar da ta yi aiki a tataccen ruwa ta ci jarrabawar farko ne kawai. Wadda ta faɗi gaskiya a ruwan Jakara ita ce za a iya miƙa wa ma'aikacin lafiya ya tafi da ita bakin rafi.